Baiwa Amana Ce a Hannunmu



A gidajenmu da dama, in dare ya yi akan taru a gaban akwatin talabijin ana kallon gasar nuna baiwa. Wannan ya rera waƙa, wancan ya taka rawa, wani ya yi barkwanci, alƙalai kuwa na zaune suna yanke hukunci. Kallon nan ba zunubi ba ne, amma ya kamata mu auna abin da yake koya mana, mu da 'ya'yanmu.

A watan Afrilu na 2009, wata mata mai suna Susan Boyle ta bayyana a gasar Britain's Got Talent ta ƙasar Birtaniya. Shekararta 47, daga wani ƙaramin gari a Sikotilan. 'Yar Katolika ce mai waƙa a cocinsu, ta kuma daɗe tana jinyar mahaifiyarta har tsohuwar ta rasu a 2007. Da ta ce burinta shi ne ta zama shahararriyar mawaƙiya, sai 'yan kallo suka dubi shigarta da shekarunta, suka soma dariyar raini. Tana buɗe baki kuwa, dariya ta koma tafi, jama'a suka miƙe tsaye.

Nan daɗin gasar yake. Zuciyar mutum tana murna in ta ga an ɗaukaka wanda aka raina. Mu tuna da annabi Sama'ila a gidan Yesse: ya ga babban ɗa mai tsayi da kwarjini, ya zaci shi ne zaɓaɓɓe, amma Allah ya zaɓi Dawuda, ƙaramin da ke kiwon tumaki, domin shi zuciya yake dubawa (1 Sama'ila 16).

Duk da haka, 'yan'uwa, mu tambayi kanmu: da a ce muryar matar nan ba ta yi daɗi ba fa? Da an ce ta cancanci dariyar. Ke nan mutuncin da ya kamata a ba ta a matsayin halittar Allah, sai da ta saye shi da waƙa. A irin waɗannan shirye-shirye akan nuna marasa iyawa domin a ba 'yan kallo dariya, mu ma muna tayawa daga ɗakunanmu. Ga kuma nauyin suna. A ranar 30 ga Mayu 2009 Susan ta zo ta biyu, 'yan rawar Diversity suka ci gasar, kashegari aka kwantar da ita a asibiti a Landan saboda tsananin gajiya. Dubbai ne ke shiga, ɗaya ne ke ci.

Ubangiji yana da nasa ma'aunin. A Bishara ta hannun Matiyu, sura 25, maigida ya danƙa wa bayinsa dukiya, wani talanti biyar, wani biyu, wani ɗaya. Talanti kuɗi ne mai yawa, wanda lebura zai yi shekaru yana aiki kafin ya tara, kuma daga misalin nan ne Turawa suka samo kalmarsu ta baiwa. Mai biyar ya riɓanya nasa, mai biyu ma haka, sai maigida ya yaba musu da yabo iri ɗaya. Bai jera su na ɗaya da na biyu ba. Wanda ya binne nasa a ƙasa don tsoro shi kaɗai ya sha hukunci.

Saboda haka, iyaye, in kun ga baiwa a jikin yaro, ku raine ta, kada ku auna shi da ɗan maƙwabci. Mawaƙanmu da Zumuntar Mata, in an je gasar waƙa tsakanin majami'u ba a ci kofi ba, kada a dawo da gaba da ƙunƙuni. Wanda kuma tsoron dariya ya sa ya ɓoye muryarsa, ya fito da ita ranar Lahadi.

A watan Satumba na 2010, Susan ta yi waƙa a taron Misa da Paparoma Benedict na 16 ya jagoranta a birnin Glasgow, inda babu alƙali, babu maki. Allah ya ba mu alherin riƙe amanarsa, domin in ya dawo ya same mu muna aiki da abin da ya ba mu. Amin.