Komawa Tebur Guda: Me Ake Yi Wa Biki A Ranar Tuna Aure?

A birnin Shikago na ƙasar Amurka akwai wani gidan cin abinci na Jamusawa mai suna Berghoff, wanda wani mutumin Dotmund, Herman Berghoff, ya buɗe a shekara ta 1898. Da iyalinsa suka sanar cewa za su rufe shi a ƙarshen watan Fabrairu na 2006, jama'a suka yi ta jerin gwano bisa titi cikin tsananin sanyi, domin su sake cin abinci a ciki kafin a kulle ƙofa. Ba yunwa ce ta fito da su ba, tunda gidajen abinci ba su ƙare a Shikago ba. Daga baya iyalin sun sake buɗe gidan, amma wannan jerin gwano ya nuna irin matsayin da wuri kan samu a zukatan mutane.

A irin waɗannan gidaje ne ma'aurata da yawa a Amurka, inda sama da mutum miliyan 40 ke danganta asalinsu da Jamus, kan tara ɗiya da jikoki ranar zagayowar aurensu. Sukan nemi teburin da suka saba, a kawo musu abincin da suka saba: Sauerbraten, wato naman sa da aka jiƙa kwanaki cikin ruwan tsami da kayan ƙamshi kafin a dafa, tare da jan kabeji da dankali. Su kansu Jamusawa sun raɗa wa shekarun aure sunaye. Shekara 25 bikin azurfa ne, 50 na zinariya, 60 na lu'ulu'u, 65 na baƙin ƙarfe, kuma wanda ya kai 70 an ce ya kai bikin rahama. Daga shekara 65 har shugaban ƙasa kan aike wa ma'auratan da takardar murna.

Tambayar da ta cancanci nazari ita ce: me waɗannan mutane ke nema a teburin nan, kuma me suke yi wa biki?

Amsar da ta fi sauƙi ita ce suna neman jiya. Sai dai jiya ba ta dawowa, kuma masanin falsafa na ƙasar Danmak, Søren Kierkegaard, ya gwada wannan batu a littafinsa kan maimaitawa, wanda ya fito a 1843. Gwarzon littafin ya koma Barlin da niyyar sake samun daɗin da ya ji a tafiyarsa ta farko. Ya sauka masaukinsa na da, ya tafi gidan wasan kwaikwayon da ya sani, ya shiga gidan abincin da ya saba. Wasu abubuwan ya tarar sun canza, waɗanda ba su canza ba kuwa sun gundure shi. Ya koma gida da yaƙinin cewa ba a maimaita abin da ya wuce ta hanyar sake jera kayansa. Duk mijin da ya kai matarsa teburin da suka zauna suna ango da amarya, yana tsammanin ya sake ganin yarinyar wancan dare, to baƙin ciki ya je saye, kuma ya zalunci dattijiyar da ke gabansa.

Amsa ta biyu ita ce ana bikin yawan shekaru. Ita ma tana da rauni. Tsawon zama shi kaɗai ba nagarta ba ne. Akwai auren da ya kai shekara 40 domin tsoron bakin mutane, ko domin ɗayan ba shi da wurin zuwa, ko domin an danne wata ta yi shiru aka kira shirun nata haƙuri. Akwai kuma auren da rabuwa ce ta fi zama adalci a cikinsa. A Jamus, a shekarun baya-bayan nan, aurarrakin da suka mutu sukan yi kimanin shekara 15 kafin a kai ga saki, kuma ba wanda zai ce dukan waɗannan mutane sun fi waɗanda suka zauna ƙarancin kirki. Idan lissafin kalanda kawai ake yi wa tafi, to ana iya yi wa kurkuku tafi.

Abin da ya rage, kuma shi ne mai ƙarfi, shi ne cewa teburin ma'auni ne. Mai awo ba ya gane nauyin hatsi sai da mudun da ba ya canzawa. Rayuwar aure tana tafiya a hankali ta yadda waɗanda ke cikinta ba su ganin motsinta. Amma idan bango ɗaya ne, kujera ɗaya ce, ɗanɗanon miya ɗaya ne, sai abin da ya sauya ya fito sarari. Mijin da kan karanta wa matarsa takardar abinci, bana ita ke karanta masa domin idonsa ya yi rauni. Ɗiyar da aka taɓa ɗorawa bisa cinya, yau ita ke biyan kuɗin abinci. Kujerar surukar da ta rasu, jika ne ke kanta. Waiwaye adon tafiya ne, in ji masu iya magana, amma mai waiwaye yana bukatar alamar da ba ta gusa ba.

A nan ne bikin ke zama al'amarin ɗabi'a. Alƙawarin ranar ɗaurin aure, mutum biyu ne suka yi shi ba tare da sun san abin da suka ɗauka ba. Ba su san cuta ba, ba su san talauci ba, ba su san halin juna na ɓoye ba. Alƙawarin da ake sabuntawa a shekara ta 30 kuwa, na masu sani ne. Harshe da haƙori sun saɓa sau da dama, kowa ya ga iyakar ɗan'uwansa, amma ga su sun sake zaɓen zama kusa da juna. Wannan zaɓe na biyu ya fi na farko daraja, domin ido buɗe aka yi shi. Idan babu shi, azurfa da zinariya suna ne kawai.

Shi ya sa kuma ake gayyato iyali. Aure da shaidu ake ɗaura shi, kuma ɗiya ba su halarci ɗaurin auren iyayensu ba, amma su ne suka ga sauran: faɗan tsakar dare, kwanakin gaba, da sulhun da ya biyo baya. Su ne shaidun da ba a ruɗa da kwalliya. Iyayen da suka zaunar da su a teburin nan sun yarda a auna su gaban waɗanda suka fi kowa sanin gaskiya. Idan zaman na ƙarya ne, yara za su koyi cewa aure riya ce. Idan na gaskiya ne, za su koyi cewa ana iya ɓata wa mutum rai a kuma ci gaba da girmama shi.

Wata rana gidan abincin zai rufe, ko ɗaya daga cikin biyun ya zo shi kaɗai. Wannan bai rushe abin da aka yi a wurin ba, domin ba tebur ne ya riƙe auren ba. Aikinsa kawai shi ne ya ba mutum biyu dama, sau ɗaya a shekara, su dubi juna yadda suke a yau, su tambayi kansu ko har yanzu sun yarda.