Ruwan Allah, Hanyar Mutum

Idan marka ta kankama a watan Agusta, sau da yawa mukan wayi gari a Bauchi mu tarar da yashin da wani ya jibge a bakin titi ya koma cikin lambatu, ruwa kuma ya shiga zauren maƙwabcinsa. Da an yi magana sai mai gini ya ce ai ruwan Allah ne, ba shi ya saukar da shi ba. Tambayar da muke son dubawa ita ce: shin wannan hanzari yana wanke shi?

Mu fara da lissafi. Fili mai ƙafa 50 a 100 yana da faɗin kusan murabba'in mita 465. Idan aka yi ruwa na milimita 30, wanda ba baƙon abu ba ne a daminarmu, lita kusan 14,000 ce za ta sauka a kansa, wato kimanin duro 70. Muddin akwai ciyawa da bishiya, ƙasa kan shanye kaso mai yawa. Amma da zarar katafila ta kankare filin, tifa ta danne shi, sai ruwan ya gangara da gudu, ɗauke da jar ƙasa da ƙurar siminti da baƙin mai. Garin kuwa duwatsu ne suka kewaye shi, saboda haka abin da aka saki a tudu, na kwari ne ke karɓarsa.

Magabata sun san da haka. Tun da Yakubu ya kafa birnin a farkon ƙarni na 19, ramin da aka haƙi ƙasar gini shi kan zama kududdufin da ke tare ruwan unguwa. Bayan Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976, gari ya tsallake ganuwa, aka yi ta cike kududdufai ana ɗora gini a kansu.

Malaman Malikiyya ma ba su ɗauki batun da wasa ba. Ibn al-Rami, wani gwanin magini na Tunis a ƙarni na 14, ya rubuta littafi kan hukunce-hukuncen gini, har da shari'ar indararo da kwata tsakanin maƙwabta, bisa ƙa'idar hana cutarwa. Dokar zamani ta zo ta maimaita: akwai ta tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992, da ƙa'idojin hukumar NESREA kan gine-gine na 2011.

To, amma doka ba ta kwana a kowane fili. Abin da ke kwana a can shi ne lamirin mai gini. Kuma abin da ake nema gare shi bai taka kara ya karya ba: ya kewaye tarin yashi da layin bulo, ya rufe shi da tamfol, ya haƙa ɗan rami inda laka za ta kwanta, ya bar ciyawar da aiki bai kai gare ta ba, ya hana wanke kwanon siminti cikin magudana.

Ra'ayinmu shi ne hanzarin bai karɓu ba. Saukar ruwa ikon Allah ne, amma hanyar da ya bi da abin da ya kwasa aikin hannunmu ne. Takardar mallaka tana tsayawa a jikin katanga. Haƙƙin maƙwabci kuwa yana bin ruwan har inda ya kwanta.