Abincin Dabbar da Muka Tsare da Tukunyar Maƙwabci

Godiya ta tabbata ga Allah, mai ciyar da abin da ke tafiya a bayan ƙasa da abin da ke tashi a sama. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, mas'alar da za mu duba a wannan fitowa ƙarama ce a ido, amma wanda ya natsu a kanta zai ga ta taɓa gidaje masu yawa a wannan birni namu na Yamai. Mas'alar ita ce: mutumin da ya tsare dabba mai cin nama a gidansa, kyanwa ce ko kare ko waninsu, mene ne ya wajaba a kansa game da abincinta? Kuma ya halatta ya saya mata nama alhali a unguwarsa akwai gidajen da sai Sallar Layya suke ganin nama a tukunya?

Abin da ya jawo maganar shi ne wata al'ada da ta yaɗu a Turai da Amurka, har labarinta ya fara shigo mana ta wayoyin hannu. Suna kiwon wata ƴar dabba da Faransawa ke kira furet, dangin bodari ce, doguwa siririya, nauyinta bai cika wuce kilo 2 ba. Fiye da shekara 2,000 ke nan da ɗan Adam ya horar da ita domin ta shiga rami ta koro zomo. Hanjinta gajere ne ƙwarai, abin da ta ci yakan fita cikin awa 3 zuwa 4, saboda haka hatsi da ganye ba su yi mata amfani, sai nama. Masu kiwonta da yawa sun bar abincin kanti, suna haɗa mata ɗanyen nama bisa wani ma'auni da suka saba da shi: kashi 80 cikin 100 tsoka, kashi 10 ƙashi, kashi 10 kayan ciki, rabinsu hanta. Nufinsu shi ne su kwaikwayi abin da za ta samu da a ce ta kama ɓera ko tsuntsu ta cinye shi ɗungum.

Mai karatu zai iya cewa wannan wasan masu ƙoshi ne, bai shafe mu ba. To, furet kam ba dabbar ƙasarmu ba ce, zafi yakan kashe ta tun ma'auni bai wuce digiri 30 da nisa ba, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna haura 40. Sai dai masu cin nama suna nan cike da gidajenmu. Akwai kyanwa, wadda wasunmu ke kira mussa, a kusan kowane lungu daga Boukoki har Talladjé. Akwai karnukan gadi a manyan gidajen Plateau da Kouara Kano, da karnukan farauta da na makiyaya, har da dogon karen Azawak da Abzinawa ke ji da shi. Akwai zaki da kura da kada a Gidan Tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959, kuma yaranmu suna tururuwa kallonsu ranakun Salla. Akwai gardawa da ke yawo da kura a ɗaure. Dukansu cikinsu nama yake nema, kuma dukansu hannun mutum suke kallo.

Asalin da za mu gina a kansa shi ne: tsare dabba zaɓi ne, amma da zarar an tsare ta, ciyar da ita ya zama bashi. Dabbar dawa ba ta bin kowa komi, ta fita ta nema, ta samu ko ta rasa. Wanda ya rufe mata ƙofa ko ya sa mata sarƙa ya yanke hanyar nemanta, ya sa kansa a madadin dajin da ya hana ta. Wannan ita ce hujjar da ke cikin labarin da Buhari da Muslim suka ruwaito na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa: ta kulle ta har ta mutu, abinci ba ta ba ta ba, sakinta ta nemi na kanta kuma ba ta yi ba. Malamanmu na Malikiyya sun mayar da wannan hukunci bayyananne. A Muhtasar na Shehu Halil, a babin ciyarwa, an wajabta wa mai dabba ciyar da ita in babu makiyaya, in ya ƙi ko ya kasa a sayar da ita. Babin da ya yi maganar haƙƙin mata da ƴaƴa da iyaye shi ne ya yi maganar dabba, kuma wannan jeri kaɗai ya isa wa'azi. Bahaushe ya hango wannan zalunci tun tuni da ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mataki na biyu shi ne sanin abin da ake kira ciyarwa. Da yawanmu muna jin mun sauke nauyi in mun zuba wa kyanwa ragowar tuwo ko ƙanzon shinkafa. Kare yana iya jure wa hatsi gwargwado, domin cikinsa ya saba da abincin mutane. Kyanwa kuwa, kamar furet, jikinta ba ya ƙera wasu sinadarai da yake bukata, sai ta same su a cikin nama. Ɗaya daga cikinsu shi ne torin, wanda ya fi yawa a zuciya da sauran naman da ke aiki ba hutu. A 1987 likitocin dabbobi na wata jami'a a Kalifoniya suka tabbatar cewa rashinsa yana kumbura zuciyar kyanwa har ya kashe ta, kuma an riga an san yana makantar da ita. Kyanwar da ke yawo tana cike giɓin da ɓera da ƙadangare da fara. Wadda aka kulle a ɗaki ana ba ta tuwo kullum, cikinta cike yake amma yunwa ce ke cin ta a hankali.

Tsoka zalla ita ma ba ta wadatar ba. A gidan namun daji na Landan, ƴaƴan zaki sun daɗe suna tasowa da ƙafafu a lanƙwashe suna mutuwa, alhali ana ba su nama isasshe. Likita John Bland-Sutton ya sa aka ƙara musu dakakken ƙashi da madara da man hantar kifi, suka miƙe, kuma ya bayyana wannan a 1889. Dalili kuwa shi ne tsoka ba ta da kalshiyam sai kaɗan, jiki sai ya riƙa zaro shi daga ƙashin dabbar kanta. Hanta in ta yi yawa ita ma cuta ce, bitamin A da ke cikinta yana taruwa ya sandarar da wuya da gaɓoɓi. Albasa da tafarnuwa, waɗanda miyarmu ba ta rabuwa da su, suna lalata jinin kyanwa da kare. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya yi kaifi ya soki hanji. Ashe kyakkyawar niyya ba ta isa ba, sai da sani. Wanda ya ɗauki amanar rai, neman sanin abin da ran yake bukata yana cikin amanar, kuma likitan dabbobi yana nan domin a tambaye shi.

Yanzu sai mu fuskanci suka mai ƙarfi, kada mu kauce mata. Wani dattijo zai ce: a ƙasar da ta ga yunwar 1973 da ta 1984, ta ga ta 2005 da ta 2010, yaya za a tsaya auna wa kyanwa hanta da zuciya? A Turai mai kiwon dabba yana iya kare kansa da cewa abin da yake ba ta mutane ba su so, wuyan kaza ne da kayan ciki. A nan wannan uzuri ba ya tsayuwa. Mu je wurin mahauta a Wadata ko Katako mu duba: kai da ƙafa, tumbi da huhu, ganda da ƙashin miya, babu abin da ake zubarwa, kuma su ne naman talaka. Ko ranar Layya, sa'ad da raguna ke jere a kan itace suna gasuwa a bakin hanya, kayan ciki ne ake fara soya wa iyali. Saboda haka abin da ya shiga kwanon kare a Yamai, da ma yana iya shiga tukunyar wani. Kuma mun san gargaɗin da ya zo a hadisi game da mai kwana a ƙoshe maƙwabcinsa na kwana da yunwa.

Wannan suka gaskiya ce, sai dai ya kamata a san inda ta dosa. Ba ta ba kowa izinin barin dabbar da ya riga ya tsare da yunwa ba, domin zaluntar kyanwa ba ya ƙosar da maƙwabci, kuma mun sha ganin mai hana dabba da sunan tausayin mutane, a ƙarshe mutanen ma ba su ga komi ba. Inda sukar ta dosa shi ne ranar da mutum zai kawo dabbar gidansa. A ranar ne ake tambaya: ina da bukatarta? Ina da halin ciyar da ita abin da ya dace da halittarta, bayan na sauke haƙƙin iyali da dangi da na kusa? Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In amsa ta zama a'a, barinta inda take ya fi.

Daga nan muna ganin masu tsare dabba sun kasu. Akwai mai bukata: kyanwa ta tsare masa rumbu ko shago daga ɓera, kare ya tsare garke ko gona ko ya yi farauta, kuma irin wannan kare ne shari'a ta yi sauƙi a kansa. Wannan dabba ma'aikaciya ce, abincinta ladanta ne. Akwai mai ƙauna, wanda yake jin daɗin zama da ita, kuma ba mu ga laifinsa ba, tun da babban sahabi Abu Huraira ya sami wannan suna ne saboda ƴar kyanwar da yake ɗauka. Masu tarihi sun rubuta cewa Sarkin Masar Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira domin ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su. Sa'an nan akwai mai alfahari, wanda ya sayo dabba mai tsada daga ƙasar waje domin a gani a faɗa. A kan wannan ne maganar almubazzaranci ta fi nauyi, kuma ga ma'auni mai sauƙi da zai gwada kansa da shi: ya dubi kwanon karensa, ya dubi kwanon maigadin da ke kwana a bakin ƙofa da na yarinyar da ke masa wanke-wanke. In na karen ya fi, to, ya san gida bai ƙoshi ba ya kai wa dawa.

Akwai haƙƙi na uku da ake mantawa, wato lafiyar mutanen gida. Ɗanyen nama yana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela, kuma a zafinmu yana lalacewa cikin ƴan awoyi. Yana iya ɗaukar wata ƙwaya mai suna toksofilasma, wadda kyanwa ke fitarwa a kashinta, mai haɗari ga ɗan da ke cikin mace. Murar tsuntsaye, wadda aka tabbatar da shigarta Nijar a Magarya cikin Fabrairun 2006, tana kama kyanwa. A Disambar 2024 wata kyanwa ta mutu a jihar Oregon ta Amurka bayan ta ci ɗanyen naman talo-talo mai ɗauke da cutar. Saboda haka kazar da ta mutu da kanta ko tunkiyar da ciwo ya kashe, jefa wa kare ko kyanwa su ganganci ne, a binne su ya fi. Wanda ba shi da firji, ko ba ya samun naman da ma'aikatan lafiyar dabbobi suka duba a mayanka, ya ɗan dafa naman ba gishiri ba albasa, ya haɗa mata da romonsa. A ware mata kwano da wuƙa, a wanke hannu da sabulu, a yi mata allurar rigakafin haukan kare.

Haka nan kada tausayin mai ci ya mantar da mu wanda ake ci. Jefa wa dabba kaza ko zomo da rai domin a taru a yi kallo ana dariya, wannan ƙeƙashewar zuciya ce, kuma yaron da ya tashi yana ganin haka zai saba da wahalar mai rauni. In za a ba ta, a yanka da wuƙa mai kaifi, a hutar da abin yankan kamar yadda aka umurce mu a kan kowane yanka.

Abin da muke kira gare shi a taƙaice shi ne kowa ya leƙa gidansa yau. In akwai dabbar da ke ɗaure, ya tabbatar tana da ruwa da inuwa da abincin da ya dace da ita. In ya ga ba zai iya ba, ya ba wanda zai iya, kada ya sa ta a buhu ya kai bakin kogi ya yar. In yana da halin saya mata nama, ya tuna da gidan da ke bayan katangarsa kafin ya bar teburin mahauci, ya sa a yanka masa kashi biyu. Mahauta da masu tuyar nama su ma suna da rabo a wannan alheri, guntun da ya faɗi a miƙa wa kyanwar da ke zaune tana kallo, domin hadisi ya tabbatar da lada a kan shayar da kare mai ƙishirwa, har ya zama sanadin gafara.

Allah Ya sa mu zama masu sauke amana, Ya yalwata arzikin ƙasarmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.