Wa Zai Yi Magana a Madadin Dukiyar Taro?

Mu ɗauka manoma ashirin a Beli sun haɗa kuɗi, sun sayi injin niƙa da buhunan taki, sun naɗa uku daga cikinsu su riƙe amana. Bayan kaka biyu sai aka gane shugaban ya sayar wa ƙungiya tsohon injinsa a kan kuɗin sabo. Wa aka cuta? Ba a shiga rumbun kowa ba, asusun taro ne ya rame. Wanda kuma ke da ikon kai ƙara da sunan ƙungiya shi ne wanda ya ci amanar.

Wannan matsala ta daɗe a gaban alƙalai. A shekarar 1843 a Ingila, masu hannun jari biyu, Foss da Turton, suka yi ƙarar daraktocin wani kamfanin filaye na Manchesta, suna zarginsu da sayar wa kamfanin filayensu da tsadar da ta wuce ƙima. Kotu ta kori ƙarar, ta ce kamfani aka cuta, saboda haka kamfani ne zai yi ƙara. Hukuncin yana da hikima, domin da kowane mai ƙorafi zai ja kamfani kotu, da ba a yi aikin komai ba. Amma ya bar kura tana gadin akuya.

Shi ya sa aka buɗe wata 'yar ƙofa. A Nijeriya, dokar kamfanoni ta 1990, a sashe na 303, da wadda ta gaje ta a 2020, a sashe na 346, sun yarda mai hannun jari ya nemi izinin kotu ya yi ƙara da sunan kamfanin kansa. Ƙungiyoyin gama kai irin namu na ƙauye suna da tasu dokar dabam, amma tambayar lamiri ɗaya ce.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, in an yi nasara, bisa asali kuɗin da aka ƙwato asusun kamfani suke komawa. Mai ƙara ya sha zirga-zirga, ya sha baƙin jini, sa'an nan waɗanda suka yi shiru su ci moriyar daidai da shi. A wurinmu irin wannan mutum ba ya rasa suna: mai tonon asiri, mai raba zumunci, wanda bai san kunya ba. Mukan ce rufin asiri ya fi, musamman in ma'ajin surukinmu ne ko dattijon da muke zama kujera ɗaya da shi ran Lahadi. To, asirin wa ake rufawa? Gwauruwar da ta sayar da akuyarta ta zuba kuɗi, ita ba a rufa mata komai ba.

Ba mu ce duk mai ƙara adali ne ba. Akwai wanda haushin rashin kujera ke tura shi. Dokar ma ta san da haka, don haka ta gindaya sharuɗɗa: sai ya fara sanar da daraktoci ya ba su lokaci su gyara, sai kotu ta gamsu da kyakkyawar niyyarsa, ta kuma ga ƙarar za ta amfani kamfanin. Mai karanta Matiyu sura 18 zai gane wannan jeri, inda ake fara yi wa ɗan'uwa magana a keɓe, sa'an nan da shaidu, kafin a kai gaban jama'a. Wanda ya tsallake matakin farko don ya kunyata wani ya riga ya nuna abin da ke zuciyarsa.

Ƙofar kuwa ƙunci gare ta. A 2010 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin mai na Agip, inda masu ƙaramin kaso suka ƙalubalanci sayar da hannun jarin kamfanin ga Unipetrol. Ƙarar ta faɗi a kan hanyar da aka bi wajen neman izini, ba a ma kai ga auna zargin ba. Waɗannan masu lauyoyi ne a Legas, balle manomin Rogo da zai sayar da buhun masara kafin ya biya kuɗin mota zuwa Kano.