Bayan an ajiye aska

Wanzami ba ya ɗora aska a kan busasshen kai. Sai ya tsoma hannu a ɗan kwanon ruwa, ya jiƙa gashin, ya yi ta murzawa har ya yi laushi, sannan ya zaro aska daga zabira ya wasa ta a jikin fata. Gashin da ya sha ruwa yana yankuwa ba tare da fizga ba. Sai dai komai gwanintar hannu, aska ba gashi kaɗai take kwashewa ba. Tana kankare saman fata tare da maiƙon da ke kare ta, ta bar ƙananan yanka waɗanda ido ba ya gani. A wannan hali ne mutum yake tashi daga tabarmar wanzami ko kujerar shago.

Abin da ke damuna shi ne abin da ake yi wa wannan fata nan take.

"Maigida, a sa sifirit?"

"Zuba da yawa, ya kashe komai."

Sai ka ga mutum ya runtse ido, ya cije leɓe, ya ce wash, ya tashi yana murna an yi masa aiki. Mun saba ɗaukar raɗaɗi a matsayin shaidar cewa magani ya kama, shi ya sa muke raina jiƙon da ba shi da ɗaci, muke fifita allura a kan ƙwaya. Gaskiya ne sifirit yana kashe wasu ƙwayoyin cuta, amma zafin da ake ji ba na waraka ba ne, na sabon rauni ne da aka taɓa. Yana bushewa ya tafi da sauran danshin fata, kuma idan lokacin hunturu ne, kafin la'asar haɓa ta yi furu-furu tana ƙaiƙayi.

Abin da fatar take so ba shi da tsada. A fara ɗauraye ta da ruwa mai sanyi, a danna tsumma mai tsabta a hankali, ban da gurzawa. In akwai wurin da ke tsattsafo jini, ga alif, farin dutsen nan da ake jefawa a randa don ruwa ya kwanta. Masu aski a Indiya da Turkiyya sun daɗe suna aiki da shi. Ana jiƙa shi a shafa, ya tsuke fata, ya tsayar da ɗan jinin. Yana da wani amfani da nake so: ya fi yin zafi a wurin da aska ta ci, don haka yana nuna maka inda hannu ya yi nauyi. Bayan kamar minti ɗaya a wanke shi, don in ya zauna shi ma busarwa yake. Kuma kowa da nasa, tunda yana taɓa jini.

Sai man kaɗanya, gwargwadon ƙwayar gyaɗa, a narkar da shi a tafin hannu a shafa. Kamfanonin Turai da Amurka suna sayen wannan mai daga Afirka ta Yamma, su zuba a mayukan bayan aski, mu kuma muna da shi a kasuwa a ɗan kuɗi kaɗan. Mai fuska mai maiƙo ya rage hannu.

Ƙurajen aski kuwa an fi yi musu mummunar fahimta. Da yawa suna cewa ƙazanta ce ko askar wani ce ta shafa musu. Yawanci gashin mutum ne da kansa. Gashinmu murɗaɗɗe ne, in an aske shi ƙwal sai bakinsa ya yi tsini, yana fitowa ya lanƙwashe ya koma cikin fata, jiki kuma ya kumbura a wurin. Matsalar ta yi yawa a tsakanin baƙaƙen fata har rundunar sojan Amurka ta shafe shekaru tana ba masu ita takardar likita da ke ba su damar barin ɗan gemu. Ko tulu guda na sifirit ba zai miƙar da gashi ba. Abin da ke taimakawa shi ne a bar wurin ya huta makonni uku ko huɗu, in an dawo a bi kwanciyar gashi, kada a ja fata, kada a maimaita aska a wuri ɗaya. Masu shafa man birki ko mayukan bilicin suna ƙona fatarsu ne. Waɗanda ƙurajen ƙeyarsu suka fara tauri suna haɗewa, su nemi likitan fata tun kafin su zama tabo mai tudu.

Akwai kuma abin da duk shafe-shafen duniya ba su iya gyarawa. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini, kuma goge aska da ɗan auduga bai isa kariya ba. Wanzamai da yawa yanzu suna riƙe mariƙin da ake sa masa rabin reza, a canza wa kowa. Wanda bai ga an ɓare sabuwa a gabansa ba, ya ce cikin ladabi, "Baba, ga tawa na zo da ita."