Hubusi da Rusau: Haƙƙin Tsohon Gini a Ƙasar Mafara

A Bakura da Talata Mafara da Maradun, kamar sauran tsofaffin garuruwan Zamfara, ginin ƙasa yana ja da baya a gaban bulo da siminti, ta yadda zauren da magina suka ɗaure da azara suka kuma ƙawata da zankwaye yakan wayi gari an baje shi an jera shaguna a gurbinsa, musamman idan yana fuskantar titi. Magadan da suka yi hakan ba su saɓa wa shari'a ba, domin gado mulki ne, mai dukiya kuwa yana da ikon sarrafa dukiyarsa. Abin tambaya shi ne ko akwai lokacin da jama'ar gari ke samun haƙƙi a kan ginin da ba nasu ba, har ya halatta hukuma ta hana mai shi rushe shi.

Dokar ƙasa ta daɗe da amsa cewa akwai. Tun dokar kayan tarihi ta 1953, sannan dokar soja mai lamba 77 ta 1979 wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, gwamnati tana da ikon ayyana gini a matsayin abin tarihi, wato ta sanya sunansa cikin jerin wuraren da ba a rushe su ko a sake musu fasali sai da izini. Ta wannan hanya Gidan Makama na Kano da Hasumiyar Gobarau ta Katsina suka shiga jerin a 1959. Ganuwar Kano ma tana ciki, amma hakan bai hana a yanka filaye a jikinta ba, bai kuma hana masu ɗibar ƙasa rarake ta ba, har rusau ɗin da gwamnatin jihar ta yi a 2023 ya zo ya mayar da batun rigimar siyasa. Dokar da mutane ba su ga dalilinta a cikin abin da suka yi imani da shi ba, da wuya su tsaya mata, a jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999 a ƙarƙashin Ahmad Sani Yariman Bakura kuwa, harshen da ake gamsar da mutane da shi shi ne na fiƙihu.

Shakkar da malamai da yawa ke yi game da adana tsofaffin wurare tana da tushe. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya sa an sare bishiyar da aka yi mubaya'ar Ridwan a ƙarƙashinta da ya ji mutane sun fara zuwa yin salla a wurin, kuma hadisan da suka hana gina ƙaburbura sanannu ne. A kan wannan fahimta aka rushe ƙubbobin maƙabartar Baƙi'a a Madina cikin shekarun 1920. Sai dai abin da waɗannan nassoshi ke tsoro shi ne tabarruki, wato neman albarka a jikin wuri ko abu, wanda ka iya kaiwa ga shirka. Ganuwa da ƙofar gari da zauren alƙali da soron makarantar allo ba a zuwa roƙo a gindinsu. Amfaninsu shi ne zama hujja a kan yadda mutanen da suka gabata suka tsara zamansu, Alƙur'ani kuwa ya maimaita umarnin a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen al'ummomin farko, umarnin da ba ya yiwuwa a bi shi idan ba a bar abin dubawa ba. Haɗa ganuwa da ƙubba a hukunci ɗaya gajen haƙuri ne wajen rarrabe mas'ala.

Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasar Hausa, tana da abin cewa fiye da yadda ake zato. Bayan Abdullahi ɗan Zubairu ya sake gina Ka'aba a kan harsashin Annabi Ibrahim, Hajjaju ya mayar da ita fasalinta na zamanin Ƙuraishawa, sai wani halifan Abbasiyawa ya yi niyyar sake rushe ta don komawa ga ginin ɗan Zubairu. Imamu Malik ya hana shi, bisa dalilin cewa ɗakin zai zama abin wasan sarakuna, kowa ya hau mulki ya rushe ya gina, har kwarjininsa ya fita daga zukatan mutane. Abin lura a nan shi ne Malik bai ce fasalin da ke tsaye ya fi inganci ba. Ya fifita ɗorewa a kan gyara, domin ya ga cewa ginin da jama'a suka sani yana da wani aiki a zukatansu wanda sabon gini, komai kyansa, ba ya gadonsa nan take. Haka kuma babin hubusi, wato wakafi, inda mutum ke tsare asalin dukiya ya sadaukar da amfaninta, ya nuna cewa fiƙihu ya san ginin da aka fitar daga kasuwa. Malikawa sun tsananta a nan har suka hana sayar da gidan hubusi ko da ya zama kango, sai dai idan za a faɗaɗa masallacin Juma'a ko hanyar jama'a ko maƙabarta. Ayyana gini abin tarihi ya yi kama da hubusi ta fuskar cewa duka biyun suna ɗaure hannun mai rai saboda wanda ba a haifa ba, amma sun rabu a wuri mai muhimmanci: mai hubusi da kansa yake sadaukarwa, dokar tarihi kuwa daga sama take saukowa a kan dukiyar wani.

Wannan bambanci shi ya kawo maganar diyya, kuma babu inda aka fi sanin ɗacinta kamar wannan yanki. Fiƙihu ya yarda a karɓi dukiyar mutum don maslaha, wato amfanin jama'a, kamar yadda Umar ya sayi gidajen da ke kewaye da Masallacin Harami don faɗaɗa shi, waɗanda suka ƙi sayarwa kuma ya ajiye musu kuɗinsu a baitulmali. Sharaɗin shi ne a biya ƙimar gaskiya. Madatsar ruwan Bakalori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan gulbin Sakkwato aka kammala a 1978, ta ci fadamu da ƙauyuka, aka tashi dubban mutane zuwa sababbin matsugunai, mutanen Maradun a cikinsu. Rigimar filaye da diyya ta yi ta ruruwa har zuwa Afrilun 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a Birnin Tudu, hukuma ta ce mutane kaɗan suka mutu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa. Ma'aunin diyya irin na hukuma yana ƙirga ɗaki da bishiya da amfanin gona, amma ba shi da gurbin da zai rubuta kushewar iyaye, ko dandalin da ake ɗaura aure, ko lungun da kowa ya san wane ne ya fara zama a cikinsa. Hukumar da ke son hana magaji rushe zauren kakansa tana neman ya ɗauki asarar kuɗin haya saboda irin wannan ƙima da ita kanta ta saba ƙin ƙirgawa, saboda haka adalci ya wajabta ta biya shi, ko ta musanya masa fili, ko ta ɗauki nauyin gyara.

Gyaran ma shi ne rabin mas'alar, domin ginin ƙasa ba ya jira a rushe shi. Soron da aka bar indararonsa ya toshe, ko aka yi damina biyu ba a yi masa yaɓe da makuba ba, ruwa zai ratsa shi har azara ta ruɓe, ko da sunansa yana cikin kowane jeri. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin shekarun 1830, an kewaye shi da ginin siminti cikin shekarun 1970, amma a watan Agusta na 2023 wani sashensa ya rufta ana sallar la'asar, ya hallaka masallata. A Jenne ta ƙasar Mali kuwa, gari ne gaba ɗaya ke fitowa kowace shekara ya yaɓe babban masallacinsa, shi ya sa yake tsaye. Kiyaye rai yana gaba da kiyaye gini a kowace mazhaba, don haka wanda ya hana rushewa bai tanadi gyara ba ya ɗauki alhakin duk wanda ginin ya faɗa wa.

Ke nan abin da ya fi dacewa da garuruwa irin su Bakura ba jiran takarda daga Abuja ba ne. Fadar Sarkin Burmin Bakura da ta Sarkin Mafara da ta Sarkin Kayan Maradun sun fi kowa sanin wane zaure ne ya cancanci a tsare, kuma suna iya shawo kan magada su mayar da shi hubusi da yardarsu, a rubuta a gaban alƙali, a haɗa masa da shago ɗaya ko biyu waɗanda hayarsu za ta riƙa biyan magina kafin faɗuwar damina, kamar yadda aka saba haɗa masallaci da abin da zai ciyar da shi a sauran ƙasashen Musulmi. Zauren da aka tsare ta haka yana iya ci gaba da zama makarantar allo ko wurin sulhu, magajin kuma ya gina shagunansa a sauran filin.