Haƙurin Mai Jinyar Ciwon Damuwa

Mutanen Ƙofar Atiku ba a koya musu dubiya. Zazzaɓi ya kwantar da mutum, kafin azahar zaure ya cika, wannan da fura, wancan da lemo. Amma bari magidanci ya daina fita shago, ya rufe ɗaki, tuwon dare ya kwana a kwano bai taɓa ba, ga jikinsa babu zafi. A nan haƙurinmu yake saurin ƙarewa. Mako guda ana lallashi, na biyu an fara faɗa: "Haba Yaya, me ka rasa? Tashi mana!" Daga nan sai a ce rashin tawakkali ne, ko sammu aka yi masa.

Zargin rashin tawakkalin nan ya fi yi mini ciwo. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, wa ya isa ya taɓa imaninsa? Ciwon damuwa cuta ce da likitoci suka sani, a shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da ita sun kai miliyan 280. Mai ita ba ya iya fita da kansa don an daka masa tsawa.

Haƙurin da nake nufi aiki ne. Ka zauna kusa da shi a tabarma ko bai ce uffan ba, gobe ka dawo. In ya yi magana, ka bari ya kai aya kafin ka kawo nasiha. In abin ya haura mako biyu, ka raka shi wurin likita. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin gari, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware. Addu'a kuma ba a fasa ba.

Inda dangi suka fi sarewa shi ne wajen magani. Yakan ɗauki makonni kafin a ga sauƙi, sai a ce bai karɓe shi ba, a watsar. In sauƙin ya samu kuma sai a daina, alhali likita yakan so a ci gaba har watanni. Kowace safiya sai an samu mai miƙa ƙwayar da ruwa, fuska a sake.

Wuri ɗaya ne ba a jira. Ranar da ya ce gara ya mutu ya huta, kada a ce wasa yake. A kawar da maganin ɓera da fiya-fiya, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi asibiti a ranar.